Idan ma'ajin iSCSI bai faɗi iyakarsa ba, da wane adadi direba zai yi aiki?

Tambaya: Ina gyaran wani direban iSCSI ne (ƙa'idar da kwamfuta ke amfani da faifan da ke wata na'ura, wato ma'aji, ta hanyar sadarwa) na ɓangaren mai nema, wato kwamfutar da ke neman haɗuwa da ma'ajin. A saitinmu MaxRecvDataSegmentLength 262144 ne, kuma da wannan adadin muke cika gurbin karɓa da na aikawa tun kafin a fara shiga. Da ma'ajinmu na gwaji komai lafiya lau. Da muka haɗa da wani tsohon ma'aji, karatu yana tafiya, ƙananan rubuce-rubuce suna tafiya, amma da zarar an fara kwafar babban fayil sai haɗin ya tsinke, ya dawo, ya sake tsinkewa. Na duba na ga ma'ajin bai ambaci wannan mabuɗin ba ko sau ɗaya lokacin shiga. In mayar da komai 8192 ne in huta?

Amsa: A'a ɗan'uwa, kada ka mayar da komai. Gurbin aikawa kaɗai ne ya kamata ya fara da 8192, ya kuma tsaya a nan har sai ma'ajin ya faɗi wani adadin da bakinsa. Na karɓa kuwa ka bar shi a 262144 ɗinka, muddin kana sanar da shi lokacin shiga kuma da gaske kana da wurin da za ka zuba shi.

Sunan mabuɗin ne yake ruɗa mutane. Suna ɗaya ne, amma adadi biyu ne ke yawo a kan waya, kuma babu ruwan ɗaya da ɗaya. Idan direbanka ya aika MaxRecvDataSegmentLength=262144, abin da ya ce shi ne: ni zan iya karɓar ƙunshi, wato saƙon iSCSI guda ɗaya, mai ɗauke da bayit 262144. Bai ce komai ba game da abin da zai aika. Idan ma'aji ya aiko nasa, shi ma kansa yake nufi. Wannan ba ciniki ba ne da za a taya a yi albarka a haɗu a tsakiya. Sanarwa ce, kowa ya faɗi tasa, ɗayan ya ji ya kiyaye. Wanda bai faɗi ba kuwa, ƙa'ida ta riga ta faɗa masa. Kundin ƙa'idar iSCSI, wato RFC 3720 na shekarar 2004, ya yanke 8192, RFC 7143 da ya maye gurbinsa a 2014 bai canza ba. Ma'ajin da ya yi shiru bai karya doka ba ko kaɗan, shirunsa yana nufin 8192. Direbanka ne ya fassara shirun da "duk abin da ka ga dama".

Alamomin da ka lissafa ma sun nuna haka. Karatu yana tafiya saboda a karatu ma'aji ne ke aikowa, kuma yana kiyaye iyakar da ka sanar. Rubutun bayit 4096 yana wucewa saboda bai kai 8192 ba. Da babban rubutu ya zo, direbanka ya ɗauki umarnin ya liƙa masa bayanai masu yawa a ƙunshi ɗaya, wataƙila 65536 idan FirstBurstLength, wato iyakar abin da ake aikawa ba tare da jiran izinin ma'aji ba, shi ne ya tsayar da shi, ya tura. Ma'ajin ya karanta kan ƙunshin, ya ga tsawon da aka rubuta ya ninka abin da ya tanada sau takwas. Wani ma'ajin zai aiko Reject tukuna, wani kuwa rufe layin kawai zai yi, tunda a ErrorRecoveryLevel=0 babu wata hanyar gyara sai a rushe zaman a sake ginawa. Direba ya sake shiga, sashen SCSI da ke samansa ya sake miƙo masa umarnin nan da bai kammala ba, ya sake yanka shi da tsawon da ya jawo faɗan, layi ya sake tsinkewa. Haka za a yi ta yi har sashen SCSI ɗin ya gaji ya ce faifan ya mutu. Ma'ajinka na gwaji ya ɓoye maka matsalar ne kawai don shi yana sanar da babban adadi.

Adadi huɗu da bai kamata su kwana a gurbi ɗaya ba

Tushen irin wannan kuskure kusan kullum ɗaya ne: an cusa abubuwa daban-daban a wuri ɗaya cikin kod. Akwai adadin asali da ƙa'ida ta yanke, wanda ba naka ba ne kuma ba ka da ikon taɓa shi. Akwai ƙarfin na'urarka, wato iyakar abin da ƙwaƙwalwa ko katin sadarwa za su iya ɗauka. Akwai burin mai gudanarwa, abin da ya rubuta a fayil ɗin saiti. Sannan akwai sakamakon da aka tashi da shi bayan an gama magana da ɗaya ɓangaren, kuma shi kaɗai ne ya halatta hanyar aika bayanai ta duba. Na biyu da na uku su ne ke haifar da tayin da za ka yi. Na farko shi ne abin da gurbin sakamako yake riƙe da shi kafin kowa ya buɗe baki. Da ka cika gurbin sakamako da na uku, ka ba wa kanka amsar da ba wanda ya ba ka.

Ga yadda nake so in ga lissafin aikawa:

iyakar aikawa = mafi ƙanƙanta tsakanin (abin da ma'aji ya sanar, ko 8192 idan bai sanar ba), (ƙarfin katinka wajen aikawa), da (iyakar mai gudanarwa idan ya sa)

Ka lura kana da 'yancin aika ƙasa da abin da ma'aji ya yarda, ba sai ka gaya masa ba. Idan ya ce 262144 kai kuma katinka 16384 yake iyawa, ka aika 16384, ba wanda zai yi ƙorafi. Abin da ba ka da 'yanci a kai shi ne wucewa. Mutanen open-iscsi, direban mai nema na Linux, sun raba abin sarai. A /etc/iscsi/iscsid.conf akwai MaxRecvDataSegmentLength mai 262144, wanda ake sanarwa, akwai kuma MaxXmitDataSegmentLength mai 0, wanda ba mabuɗin ƙa'ida ba ne, na cikin gida ne kawai. Sifili a wurin yana nufin a bi abin da ma'aji ya faɗa. Idan an sa wani adadi, sai a ɗauki ƙaramin tsakaninsa da na ma'ajin.

Sauran mabuɗan kuwa ciniki ne na gaske, kuma kowanne da hukuncinsa. MaxBurstLength, wato iyakar bayanan da ake turawa a izini ɗaya, asalinsa 262144, FirstBurstLength 65536, MaxOutstandingR2T 1, MaxConnections 1, ErrorRecoveryLevel 0, DefaultTime2Retain daƙiƙa 20; duk waɗannan ƙaramin adadi ne ke cin kasuwa. DefaultTime2Wait asalinsa daƙiƙa 2 ne kuma shi babban adadi ake ɗauka, abin da yake da ma'ana tunda jira ne, wanda yake buƙatar jira mai tsawo shi za a bi. Na ga kod da yawa da suka yi wa duk mabuɗai masu lamba hukunci ɗaya, suka manta da wannan. InitialR2T asalinsa Yes, kuma idan ɓangare ɗaya ya ce Yes to ya zauna. ImmediateData shi ma asalinsa Yes, amma sai duka biyun sun yarda. HeaderDigest da DataDigest, wato lambobin gano ɓacin kan ƙunshi da na bayanansa, jeri ake bayarwa, mai amsa ya zaɓi na farkon da yake iyawa, asalinsu kuma None.

Inda gizo ke saƙa shi ne amsoshin da ba lamba ba. Kana iya taya MaxBurstLength=16776192, kamar yadda open-iscsi yake yi, a dawo maka da Reject, ko Irrelevant, ko NotUnderstood. Kod ɗin da ya miƙa wannan amsa kai tsaye ga aikin da ke mayar da rubutu lamba zai samu sifili, daga nan kuma ko rabawa da sifili ko zagaye marar ƙarewa wajen yanka bayanai. Wanda ya yi watsi da amsar alhali tun farko ya cika gurbin da tayinsa, zai ci gaba da 16776192 ma'aji kuwa yana kan 262144. Ƙa'ida ta ce idan an amsa da Reject, mabuɗin yana nan a kan adadin da yake kai, wato na asali idan ba a taɓa daidaita shi ba. Idan wannan adadin bai yi maka ba kana da damar rufe haɗin, amma ba ka da damar sake tayawa a wannan shigar, domin maimaita mabuɗin da aka riga aka amsa kuskuren ƙa'ida ne da ake katse shiga a kansa. Irrelevant kuwa halal ne a wurarensa: FirstBurstLength ba shi da aiki idan InitialR2T=Yes kuma ImmediateData=No, haka yawancin mabuɗan nan ba su da aiki a zaman binciken ma'ajiyai, wato SessionType=Discovery. Ka kuma tuna lamba tana iya zuwa da 0x a gabanta, mai karanta lambarka ya san da haka.

Yaushe adadin yake fara aiki

Wannan ma wuri ne da ake tuntuɓe. Duk tsawon lokacin shiga, iyakar ƙunshi 8192 ce a ɓangarorin biyu, ko da an riga an sanar da wani adadin a saƙon farko. Sabon adadi ba ya hawa sai an ƙetare zuwa matakin cikakken aiki. Saboda haka ko da na'urarka ƙarama ce har kana son sanar da 4096 ko 512, wanda shi ne mafi ƙanƙantar abin da aka yarda da shi, dole gurbin da kake karɓar amsoshin shiga ya iya ɗaukar 8192. Idan maganar ta fi haka tsawo ana raba ta ƙunshi-ƙunshi da alamar C mai nuna akwai ci gaba, kuma mabuɗi yana iya tsinkewa a tsakiyarsa ya ƙarasa a ƙunshi na gaba, don haka sai ka harhaɗa kafin ka fara fassara.

Shawarata ita ce ka riƙa tara sakamakon a wani kwafi na gefe, kada ka taɓa ainihin gurbin da hanyar bayanai take dubawa sai amsar shiga ta ƙarshe ta iso, mai alamar T ta ƙetarewa da mataki na gaba 3, wato cikakken aiki, da matsayin nasara. A wannan lokacin ne kuma za ka duba dokokin da suka haɗa mabuɗi da mabuɗi. Babbar cikinsu: FirstBurstLength ba ya wuce MaxBurstLength. Ba za ka iya duba wannan a daidai lokacin da ɗaya ya iso ba, tunda ba a ƙayyade wanda zai riga zuwa ba, suna ma iya zuwa a saƙonni daban. Ka ɗauka ma'aji ya sauko da MaxBurstLength zuwa 32768 amma ba wanda ya ambaci FirstBurstLength. Na asali 65536 ne, ya fi shi. Direba mai hankali zai rage abin da yake aikawa ba tare da izini ba zuwa 32768, ya rubuta gargaɗi a kundin rahoto. Mafi kyau ma shi ne kai ka riƙa taya su tare tun farko don kada a kai ga haka.

Kada kuma ka ɗauka dole ne a bi ta matakin daidaita sigogin aiki. Ana iya tsallakewa daga tantancewa kai tsaye zuwa cikakken aiki, kuma a irin wannan shigar duk adadin asali ne ke mulki. Direban da ya cika gurabensa daidai tun farko zai wuce wannan ba tare da wani tanadi na musamman ba.

Nawa ne ainihin asarar 8192

Idan tsoronka raguwar gudu ne, bari mu yi lissafi da rubutun bayit 1048576. A ce ma'aji yana kan 8192, FirstBurstLength 65536, MaxBurstLength 262144, ImmediateData=Yes, InitialR2T=No. Ƙunshin umarni zai tafi da 8192 na farko. Ƙunshin Data-Out guda 7 za su bi shi ba tare da jiran izini ba, jimilla 65536 ke nan, izinin farko ya ƙare. Saura 983040. Ma'aji zai nemi wannan da R2T, wato saƙon ba da izinin aikowa, guda 4: uku masu 262144, na ƙarshe 196608. Kowane mai 262144 zai zama ƙunshi 32, na ƙarshen 24. Gaba ɗaya ƙunshi 128 masu ɗauke da bayanai. Kan kowane ƙunshi bayit 48 ne, wato abin da ya tafi a banza a kan waya bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Kuɗin da ake biya na gaske yana wajen injin sarrafawa, wanda zai gina ya kuma karanta kai 128 maimakon 'yan ƙalilan. A layin gigabit 1 da wuya ka lura. A layin gigabit 25 ko 100 za ka gani.

Abin da ya fi cin lokaci, musamman idan akwai nisa, shi ne jiran R2T. Da MaxOutstandingR2T=1, kowane 262144 sai an yi zuwa da dawowa ɗaya kafin na gaba ya tashi. Idan zuwa da dawowa milisakan 10 ne, umarni ɗaya ba zai wuce kimanin megabayit 26 a daƙiƙa ba, komai faɗin layin. A cikin ɗaki ɗaya inda jinkirin bai kai rabin milisakan ba, abin ba ya damun kowa, kuma umarni da yawa da ke tafiya a lokaci guda suna rufe giɓin. To ka ga wanda yake neman gudu a layi mai nisa, MaxBurstLength da yawan umarni ya kamata ya fara dubawa kafin girman ƙunshi. Amma wannan ba hujja ba ce ta ka rage naka na karɓa zuwa 8192. Da ka yi haka ka hukunta karatu a kan kowane ma'aji, har da na zamani, saboda laifin da ke gurbin aikawa.

Wani abu da ake yawan haɗawa da wannan ba gaira ba dalili shi ne MTU, wato iyakar girman abin da layin sadarwa ke ɗauka a firam ɗaya. Ƙunshin iSCSI a kan TCP yake hawa, TCP kuma yana yanka shi yadda ya ga dama, 1460 a Ethernet na yau da kullum ko kusan 9000 idan an kunna manyan firam. Babu buƙatar adadin nan biyu su yi daidai.

Idan kati ne ke yin aikin

Da katin da ke ɗauke wa kwamfuta aikin iSCSI, irin na kamfanin Chelsio, ƙarfin na'ura ya daina zama adadi ɗaya da za a rubuta a kan fayil. Katin yana da iyakar tsawon ƙunshi gaba ɗayansa, sau da yawa ƙasa sosai da abin da direban manhaja zalla zai iya, kuma iyakar karɓa da ta aikawa ba lallai su zo ɗaya ba. Daga wannan iyakar sai ka cire bayit 48 na kai, ka cire 4 na HeaderDigest da 4 na DataDigest idan za a kunna CRC32C, ka bar wuri don ƙarin kai da umarnin da ya wuce bayit 16 yake buƙata, ka tuna ana cike bayanai su kai ninkin 4, sannan ka sauko da abin da ya rage zuwa adadi mai kyau, ninkin 512 misali. Tunda kana sanar da iyakarka ne a daidai lokacin da ake cinikin digest, ba ka san sakamakon ba tukuna, don haka ka cire su ko za a kunna ko ba za a kunna ba. Bayit 8 ba abin da za a yi jayayya a kai ba ne.

Sannan wane kati ne ma? Ba ka sani ba sai TCP ya haɗu, domin hanyar da aka bi ce ke nuna ta wace ƙofa aka fita. Injin da ke da kati biyu daban-daban yana iya fita ta wannan yau, gobe ta wancan. Shi ya sa tambayar "nawa kake iyawa" take da kyau a yi ta bayan haɗuwar TCP kuma kafin a fara tayi, a kan wannan haɗin takamaimai, ba sau ɗaya lokacin da aka loda direba ba. A tsarin da wani shiri na waje ke yin shiga sannan ya miƙa wa zuciyar tsarin (kernel) haɗin, kamar yadda iscsid yake yi a Linux da FreeBSD, ka tabbata saƙon miƙawar yana ɗauke da adadin karɓa da na aikawa a gurabe biyu. Zuciyar tsarin kuma ta sake dubawa da kanta, ta ƙi karɓar haɗin idan abin da aka sanar ya fi ƙarfinta. Rage adadin karɓa a ɓoye bayan an riga an sanar da shi ba gyara ba ne, ma'aji yana nan riƙe da alkawarin da aka yi masa.

Sake haɗuwa

Duk sabuwar shiga, ka mayar da gurbin sakamako kan adadin asali. Wannan shi ne kuskure na biyu da nake sa ran samu a kod ɗinka idan na farkon yana nan. Ma'aji mai na'urorin sarrafawa biyu yana iya mayar da haɗinka kan ɗayar bayan matsala, ko a sabunta manhajarsa cikin dare ya tashi da wani saiti. Idan ka riƙe 262144 na zaman jiya, na yau kuma ya yi shiru, ka koma gidan jiya. Umarnin da aka riga aka yanka da tsohuwar iyaka suna jiran a sake tura su, su ma sai an sake yanka su. Shi ya sa ya fi a yi yankan a lokacin aikawa, ba lokacin da umarni ya shigo layi ba.

Ka kuma bambanta abin da yake na haɗi da abin da yake na zama. MaxRecvDataSegmentLength da digest na kowane haɗi ne shi kaɗai. MaxBurstLength, FirstBurstLength, InitialR2T da ImmediateData na zaman ne gaba ɗaya, a haɗin farko ake yanke su, haɗi na biyu da ya shigo cikin zaman gādo yake yi. Ƙa'ida ta kuma yarda a sake sanar da MaxRecvDataSegmentLength ana tsakiyar aiki ta hanyar saƙon Text. Ba kasafai ake gani ba, amma kada direbanka ya rikice idan ya gani.

Kada ka yarda da tsawon da aka rubuto maka

Filin tsawon bayanai a kan ƙunshi bit 24 ne, yana iya cewa har 16777215. Kafin ka ware ƙwaƙwalwa ko ka fara kwafa, ka gwada shi da abin da ka sanar. R2T ma haka: tsawon da aka nema kada ya zama sifili, kada ya wuce MaxBurstLength, kuma mafari haɗe da tsawo kada su wuce girman umarnin, tare da kula da ambaliyar lissafi wajen haɗa su. Ma'aji mai cuta ko mai kuskure da ya nemi abin da ke bayan ƙarshen gurbinka, idan ka ba shi, ƙwaƙwalwar zuciyar tsarin ka miƙa masa.

To idan ma'aji ya amsa da adadin da ya fi tayinka a mabuɗin da ƙarami ke ci fa? A takarda kuskuren ƙa'ida ne, hukuncinsa katse shiga. A aikace ina duba wanda abin zai shafa. Idan FirstBurstLength ne, ni ne mai aikawa, zan tsaya a kan nawa ƙaramin, in rubuta gargaɗi, aiki ya ci gaba lafiya. Idan MaxBurstLength ne ko MaxOutstandingR2T, shi ne zai yi aiki da babban adadin a kaina, ragewa a ɓangarena ba ta hana shi komai, don haka ko dai in tabbata zan iya ɗauka ko in katse da saƙo bayyananne. Na fi son shiga ta faɗi nan take da dalili a rubuce a kan haɗin da zai yi awa uku yana aiki sannan ya mutu ana tsakiyar rubuta rumbun bayanai.

Akwai iyakoki biyu kuma da ba a cinikinsu a shiga amma suna iya kawo alamomi masu kama da naka. Ɗaya girman umarnin SCSI kansa ne, wanda faifan ke faɗa a shafin bayanan kansa (VPD) mai lamba 0xB0. A Linux sakamakon yana bayyana a max_sectors_kb ƙarƙashin /sys/block, kuma lokacin da aka ɗaga adadin asalinsa daga 512 zuwa 1280, ma'ajiyan da ba sa faɗin iyakarsu a wannan shafin sun fara ƙin manyan umarni. Cuta ɗaya ce da taka, a wani bene daban. Ɗayan kuwa tagar umarni ce, tsakanin ExpCmdSN da MaxCmdSN, wadda ma'aji ke buɗewa da rufewa a kowace amsa. Ko an saita maka umarni 128, idan tagar ta ce 16 to 16 ne, kuma kwatanta lambobin sai da lissafin zagaye na RFC 1982 tunda suna komawa sifili.

Idan wata rana aiki ya kai ka wasu ƙa'idojin, tsarin tunanin bai canza ba. A NFS abin da ka rubuta a rsize da wsize buri ne, uwar garke tana faɗin nata iyakar, ainihin abin da aka tsaya a kai sai ka duba /proc/mounts. A SMB2 amsar NEGOTIATE tana ɗauke da MaxReadSize da MaxWriteSize, kuma kowane kiredit ɗaya bayit 65536 yake biya. A NVMe kan TCP, MAXH2CDATA da ke cikin ICResp shi ne takwaran abin da ya cije ka, sai dai shi filin dole ne a saƙon, ba a iya yin shiru a kansa.

Kafin ka taɓa kod ɗin, ka kama zirga-zirgar tashar 3260 da tcpdump ka buɗe a Wireshark. Lambar aiki 0x03 ita ce buƙatar shiga, 0x23 amsarta, mabuɗan kuma a fili suke, rubutu ne da ake raba shi da bayit sifili. Ka nemi ƙunshin ƙarshe da direbanka ya aika kafin layin ya rufe, ka duba tsawonsa. Ina kyautata zaton ya wuce 8192. Don kwatanci, ka haɗa wannan tsohon ma'ajin da open-iscsi ka buga iscsiadm -m session -P 3, zai nuna maka sigogin da aka daidaita, ka ga abin da ya rubuta a MaxXmitDataSegmentLength. Direbanka ma ya kamata ya riƙa fitar da irin wannan layi ɗaya a kundin rahoto bayan kowace shiga, da adadin karɓa da na aikawa kowanne daban, da alamar ko sanarwa aka yi ko na asali ne.

Wajen gwaji kuma, ma'aji mai kirki ba zai koya maka komai ba. Ka rubuta ƙaramin ma'ajin ƙarya wanda aikinsa kawai amsa shiga ta hanyoyi masu ban haushi: sau ɗaya ya yi shiru a kan komai, sau ɗaya ya sanar da 512, sau ɗaya ya sanar da adadin da ba ninkin 512 ba kamar 8000, sau ɗaya ya amsa Reject ga MaxBurstLength, sau ɗaya ya raba amsarsa biyu a tsakiyar sunan mabuɗi. Wanda ya fi kama kurakurai shi ne ya sanar da 262144 a shigar farko, ya katse layin ana tsakiyar babban rubutu, sannan a shiga ta biyu kada ya ce uffan.